Kuturta da Hukuncin Jama'a a Ƙasar Hausa: Waiwaye a Kan Tarihin Karɓa da Ƙyama

1.0 Gabatarwa

A bayan birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, akwai wani gari da ake kira Yadakunya, inda asibitin kutare da mutanen Kano suka fi sani da Asibitin Bela yake. Duk mai jin Hausa zai tsinci kalmomi biyu a cikin sunan garin, wato "ya da" da "kunya". Sunan da kansa shaida ne cewa wanda kuturta ta kama kaya biyu yake ɗauke da su: ciwon da ke jikinsa, da kuma kunyar da jama'a suka ɗora masa. Na farko aikin likita ne, kuma an daɗe da samun maganinsa. Na biyun kuwa har yanzu bai gama sauka daga kan masu shi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda hukuncin jama'a ya tsara irin karɓar da aka yi wa kutare a ƙasar Hausa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a duba kalmomin da harshe ya tanada, da gurbin da al'ada ta ware wa kuturu, da sauyin da mulkin Turawa da 'yan mishan suka kawo, sannan da abin da ya biyo bayan samuwar magani. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, Bahaushe bai saba korar kuturu daga gari ba, amma ya karɓe shi ne bisa sharaɗi, kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi wajen yanke wannan sharaɗi shi ne abin da ido yake gani a jiki. Wannan ma'auni ya saɓa wa yadda cutar take aiki, kuma saɓanin ya jawo hasarar yatsu da idanu da aure ga mutane masu ɗimbin yawa.

2.0 Kalmar da Ciwon

2.1 Abin da harshe ya tanada

Hausa tana da cikakken gida na kalmomi a kan wannan ciwo. Akwai kuturu ga namiji, kuturwa ga mace, kutare ga jam'i, da kuturta a matsayin sunan ciwon. Akwai kuma aikatau, kamar a ce wane ya kuturce. Daga Larabci an aro albaras, wadda ake amfani da ita ga farin tabon da ke fita a fata. Abin lura a nan shi ne bambancin da ke tsakanin wannan tsari da yadda ake ambaton yawancin cututtuka. Wanda zazzaɓi ko tari ko ƙyanda ta kama, ana ce masa mai zazzaɓi, mai tari, mai ƙyanda. Kalmar "mai" tana raba mutum da ciwonsa, ta nuna abu ne da yake tare da shi yau, gobe kuma yana iya rabuwa da shi. Kuturu kuwa suna ne na kansa, a sahu ɗaya da makaho da gurgu da kurma, wato sahun halayen jiki da ake ɗauka sun zauna ke nan. Saboda haka harshe bai tanadi wata kalma ta daban ga wanda ya warke ba. Mutumin da ya sha magani shekara 30 da suka wuce, babu sauran ƙwayar cuta mai rai a jikinsa, muddin hannunsa ya zama dungu, sunansa kuturu har ya koma ga Mahaliccinsa.

2.2 Abin da likitanci ya tabbatar

A shekarar 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Armauer Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tana daga cikin cututtukan da suka fi wuyar ɗauka. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar ba tare da sun ma san ta shige su ba. Ana ɗaukarta ne ta ɗigon da ke fita daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, bayan doguwar cuɗanya ta kusa. Takan yi kamar shekara 5 a jiki kafin ta bayyana, wani lokaci har 20. Alamarta ta farko tabo ne a fata wanda ba ya jin taɓi. Daga nan sai ta kama jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska ta kashe musu ji. Mai ita sai ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙaya bai ji ba, miki ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye a hankali. Wato guntulewar yatsu sakamakon rauni ne da jinkirin magani.

Daga wannan bayani za a ga inda gizo yake saƙa. Wanda ya fi hatsarin yaɗa cutar sau da yawa shi ne wanda yatsunsa goma suke cif, ana cin tuwo da shi a kwano ɗaya. Wanda ake gudu kuwa, mai dungu, galibi ciwon ya riga ya gama cinsa ya mutu, ko kuma magani ya kashe shi.

3.0 Matsayin Kuturu Kafin Zuwan Turawa

3.1 Gurbi a cikin gari

Matafiyan Turawa na ƙarni na 19 sun bar bayanai a kan yadda biranen Hausa suka tsara zaman musakai. Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ambaci wata unguwa ta makafi a cikin ganuwa. Shekara 70 bayan haka, a ƙarshen 1894, C. H. Robinson ya iso Kano tare da wani likita, T. J. Tonkin, wanda ya duba kutare 220 ya kuma wallafa sakamakon bincikensa a 1903. Abin da ya ɗaure wa waɗannan baƙi kai shi ne yawan kutare da kuma yadda suke yawo cikin jama'a, a kasuwa da kan hanya, ba mai tsare su. Masanin tarihi John Iliffe (1987), a littafinsa kan tarihin talakawan Afirka, ya kwatanta wannan hali da na wasu sassan kudu maso gabashin Nijeriya, inda akan fitar da mai cutar daga gari gaba ɗaya.

Wannan sassauci yana da tsari. Kamar yadda kowace sana'a take da sarkinta, haka ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Sarkin Kutare shi ne mai sasanta rigimar mutanensa, mai saukar da baƙonsu, mai karɓar sadakar manya ya raba, kuma bakinsu a gaban hukuma. Tsarin ya bi Hausawa har zango-zangon da suka kafa a kudu. Abner Cohen (1969) ya tarar da waɗannan sarautu na mabarata a unguwar Sabo ta Ibadan. Ke nan kuturu yana da suna a cikin tsarin gari, yana da shugaba, yana da hanyar abinci. Sai dai hanyar abincin guda ɗaya ce, ita ce bara. Jama'a suna buƙatar wanda za su ba sadaka ranar Juma'a da watan azumi da lokacin biyan wata bukata, shi kuma yana buƙatar abin sawa a baki. An karɓe shi a matsayin hannun da ke ƙasa, kuma an sa ran zai tsaya a nan.

3.2 Iyakar karɓa

Wurare biyu ne karɓar take tsayawa cik: kwanon abinci da aure. Akan ware wa kuturu kwanonsa da moɗarsa, ko da a gidan ubansa ne. Wajen aure kuwa, binciken asali da iyaye suke yi kafin su ba da 'ya ko su karɓi suruka yakan haɗa da tambayar ko akwai kuturta a dangi, domin an ɗauka gadonta ake yi. Wannan zato yana da dalilin da ido ya gani, tun da cutar takan kama mutane da yawa a gida ɗaya. Amma zama tare ne sanadin, jini ba ya ɗauke da ita. Illar zaton ita ce tabon ya tashi daga kan mutum ɗaya ya hau kan zuriya, har jikar da ba ta taɓa ganin kakanta ba ta rasa miji saboda shi.

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala da Muhtasar, sun sa kuturta da albaras cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Hadisai kuma sun zo ta fuska biyu. Akwai wanda ya yi umarni da nisantar mai kuturta, akwai wanda ya kore cewa cuta tana yaɗuwa da ikon kanta, kuma malamai sun yi dogon bayani wajen daidaita su. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya shawarci wata mai kuturta da ya gani tana ɗawafi da ta zauna a gida don kada ta cutar da mutane. Duk waɗannan hukunce-hukunce ne na kariya da na haƙƙin ma'aurata. Babu inda suka ce ciwon alamar zunubi ne.

Camfi ne ya cike wannan gurbi. An yi imani cewa wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya zai kuturce, kuma ana danganta ciwon da sammu, da haɗa kifi da nono, ana kuma cewa naman akuya yana tayar da shi. Na farkon ya fi sauran nauyi, domin ya mai da ciwo hujja a kan halin mutum. Mai kallon dungu sai ya ga kamar hukunci ne ya riga ya sauka, saura kawai a yi tambayar laifin da aka aikata. A ɓangaren bori ma, Kuturu yana cikin manyan iskoki, kamar yadda Tremearne (1914) da Besmer (1983) suka bayyana, kuma wanda ya hau kansa yakan dunƙule yatsu ya kwaikwayi zaman kuturu. Wannan ya ƙara wa ciwon kwarjini da ban tsoro.

3.3 Shaidar karin magana

Karin magana ya adana wannan hali mai fuska biyu. Idan aka ce "da haka muka fara, kuturu ya ga mai kyasbi", ana nuna cewa Bahaushe ya lura ciwon daga tabon fata yake farawa, wanda kuwa gaskiya ne. Amma maganar tana kuma koya wa mai tabo tsoron tabonsa. Idan aka ce "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa", hoton da ke ciki shi ne na mai talla da ba ta son hannun kuturu ya taɓa kayanta, ga shi kuma kuɗi sun ba shi ikon ya zaɓi na can ƙasa. Maganar ta tabbatar da ƙyamar, ta kuma fallasa cewa dukiya tana karya ta. Attajiri ko basarake da ciwon ya kama yakan zauna a gidansa da matansa, a sakaya sunan ciwon, a ce ba ya jin daɗi. Talaka ne ake kira da sunan kai tsaye. Haka nan ana cewa wane ya cika zuciya kamar kuturu. An lura da fushin, ba a tambayi abin da ke sa mutumin da aka ware wa moɗa, aka hana shi mata, yara suna tsokanarsa a hanya, ya zama mai saurin fushi ba. Sakamakon ƙyama sai aka mai da shi dalilin ƙyama.

4.0 Zamanin Keɓewa

Turawa sun iso da nasu hukuncin. Taron duniya na farko a kan kuturta, wanda aka yi a Balin a 1897, ya ba da shawarar keɓe masu cutar, kuma a 1916 gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta kafa dokar da ta ba da ikon yin haka. Dokar ba ta yi tasiri sosai a Arewa ba, saboda babu kuɗi da ma'aikatan da za su tsare dubban mutane, kuma jama'a ba su ga dalilin tsare su ba. Sauyi na gaske ya zo ne bayan kafa ƙungiyar agajin kutare ta daular Ingila, wato BELRA, a 1924, da kuma yaɗuwar allurar man calmugura, wani mai da ake samu daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Allurar tana da zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan ne, amma ita ce ta fara sa wa mutane rai cewa ciwon yana jin magani.

A kan wannan fata aka kafa manyan sansanonin kutare: Itu a 1928, Garkida a 1929, Uzuakoli a 1932. A masarautun Musulmi kuwa akwai cikas, domin gwamnati ta taƙaita wa 'yan mishan shiga cikinsu. Kamar yadda Shobana Shankar (2007, 2014) ta nuna, aikin kuturta ne ya buɗe wannan ƙofa. Wajen 1937 hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, suka shiga yarjejeniya da ƙungiyar mishan ta SIM don ta gudanar da sansanoninsu. Na Kano ya fara a Sumaila kafin ya koma Yadakunya, na Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato kuma yana Amanawa. Daga baya, a 1956, ƙungiyar ta buɗe irin wannan asibiti a Danja kusa da Maraɗi, a ƙasar Nijar.

Waɗannan sansanoni garuruwa ne sosai, da gonaki da makaranta da kasuwa da masu unguwanni. Mutanen da a da ba su da abin yi sai bara sun koyi karatun boko da ɗinki da kafinta, wasu sun zama ma'aikatan jinya suna yi wa 'yan'uwansu allura. A nan ne da yawa suka sami auren da aka hana su a gida. Wannan alheri ne da ba a musunsa. Amma tsarin ya zo da nasa tabon ta hanya uku. Na ɗaya, ya raba kuturu da gari, abin da al'ada ba ta yi ba, ya kuma koya wa jama'a cewa hukuma da likita ma sun yarda shi abin nisanta ne. Na biyu, akan raba jarirai da iyayensu mata don kada su kamu, a rene su a wani gida dabam. Na uku, tun da 'yan mishan ne ke riƙe da wuraren, wanda ya daɗe a can yakan dawo gida da zargin ya bar addininsa, ko ya bari ko bai bari ba. Su kansu 'yan mishan sun zo da fassarar da ta ɗora wa ciwon wani nauyi, domin Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, ya yi amfani da kalmar kuturta a wuraren da asalin Ibrananci yake nufin cututtukan fata iri-iri masu sa ƙazanta ta ibada. Ta haka kuturta ta zama misalin zunubi a cikin wa'azi.

5.0 Zuwan Magani

Nijeriya tana da babban rabo a tarihin maganin kuturta. A 1941 aka fara gwada wani magani mai suna furomin a asibitin Carville da ke Amurka, aka ga yana aiki, sai dai allura ce mai tsada. A Uzuakoli ne, wajen 1949 zuwa 1950, Dokta John Lowe ya tabbatar da cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson, wadda ita ce tushen wancan magani, a ƙaramin awo ba tare da ta yi lahani ba. Ƙwayar tana da arha, ba ta bukatar allura, ba ta bukatar a kwantar da mutum. A Uzuakoli ɗin dai aka fara gwada kulofazimin a farkon shekarun 1960.

Jihar Arewa ta yi amfani da wannan dama fiye da yawancin wurare. Daga farkon shekarun 1950, ƙarƙashin jagorancin Dokta C. M. Ross, aka buɗe ɗakunan shan magani a ƙauyuka, inda masu ciwon suke zuwa mako-mako su karɓi ƙwaya su koma gida. Mutane dubbai ɗaruruwa suka fito suka rubuta sunansu. Wannan fitowa ta nuna abu biyu: yawan waɗanda suke ɓoye da ciwon, da kuma cewa mutum yakan yarda ya bayyana idan bayyanar ba za ta raba shi da gonarsa da iyalinsa ba.

Da aka ga ƙwayar cutar ta fara bijire wa dafson, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magunguna uku, wato rifamfisin da dafson da kulofazimin. A tsarin da ake bi yanzu, mai ƙaramin kamu yana warkewa cikin wata 6, mai babban kamu cikin wata 12, kuma da zarar ya fara sha ya daina yaɗa cutar. Tun 1995 ake ba da maganin kyauta a duniya. Nijeriya ta kafa shirinta na ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, tana kuma da cibiyar horar da ma'aikatansa a Saye kusa da Zariya. A 1998 ƙasar ta cim ma mizanin da aka gindaya, wato ƙasa da mutum 1 cikin kowane 10,000.

6.0 Abin da Magani Bai Warkar Ba

Da a ce tsoron kamuwa ne kaɗai tushen ƙyama, da ta mutu tare da ƙwayar cutar. Tarihi ya nuna akasin haka. Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama daga sansanoni da takardar shaidar warkewa sun je gida sun tarar moɗarsu tana nan a ware, sai suka juyo suka kafa unguwanni a gefen asibitocin, inda 'ya'yansu da jikokinsu suke zaune har yau. Wannan bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. Ikoli Harcourt Whyte, mutumin Abonnema da aka haifa a 1905, wanda ya tsara waƙoƙin coci fiye da 200 cikin harshen Ibo, an tabbatar da warkewarsa a 1949, amma ya zaɓi ya ci gaba da zama a Uzuakoli tare da ƙungiyar mawaƙansa har rasuwarsa a 1977. Gwagwarmayarsa ce Ola Rotimi ya gina wasan kwaikwayo a kanta. Ana rera waƙoƙinsa a majami'u masu yawa, alhali mutanen da suka fara rera su ba kowa ne zai ba su hannu ba.

Illar wannan hali ta wuce ɓacin rai, domin ƙyama tana ciyar da cutar kanta. Budurwar da ta ga tabo a cinyarta, ta san abin da sunan zai jawo mata da ƙannenta, sai ta rufe. Magidanci ya tafi wurin mai magani a wani gari inda ba a san shi ba. Kafin a isa asibiti jijiya ta riga ta mutu, kuma jijiyar da ta daɗe da mutuwa magani ba ya tayar da ita. Sai naƙasa ta bayyana, jama'a su gani su ƙara tabbata cewa kuturta ba ta warkewa, mai tabo na gaba kuma ya ƙara ɓoyewa. A tsawon wannan ɓuya, mutanen gidansa suna shaƙar ƙwayar. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa, duk da nasarar 1998, aka ci gaba da samun sababbin kamu sama da 2,000 a shekara a Nijeriya, kamar yadda alƙaluman 2022 da 2023 suka nuna, cikinsu har da yara da waɗanda suka riga suka naƙasa kafin a gano su.

Wasu ƙasashe sun tunkari matsalar ta fuskar doka da harshe. Birazil ta kafa doka a 1995 wadda ta hana amfani da tsohon sunan cutar a takardun hukuma, aka maye gurbinsa da sunan da aka ciro daga na Hansen. Japan ta soke dokarta ta keɓewa a 1996, kuma a 2001 wata kotu a Kumamoto ta yanke cewa gwamnati ta zalunci waɗanda ta tsare. A Disamba 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri a kan kawar da wariya ga masu cutar da iyalansu. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairu 2019. A kafofin watsa labarai na Hausa ma an ga sauyi, inda "masu cutar kuturta" da "masu buƙata ta musamman" suke maye gurbin kutare da musakai. Sauyin farko yana da ma'ana ta nahawu, domin ya mai da ciwon cikin sahun "mai", sahun abin da ake rabuwa da shi. Amma bai warware matsalar wanda ya warke ba, tun da shi ba ya da cutar balle a ce masa mai ita. Kuma canza suna kaɗai ba ya sa uba ya ba da 'yarsa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi matsayin kuturu a ƙasar Hausa ta matakai uku. A mataki na farko al'ada ta ba shi gurbi da sarauta da sadaka, ta hana shi kwano da aure. A na biyu mulkin mallaka da mishan suka ba shi magani da sana'a, suka fitar da shi bayan gari. A na uku likitanci ya kashe ƙwayar cutar, ya mai da shi gida, ya tarar hukuncin jama'a yana nan inda aka bar shi. A duk matakan, abin da ya yanke masa matsayi shi ne alamar da ke jikinsa da fassarar da aka yi mata, sai kuma abin da ke aljihunsa.

Akwai aiki a nan ga masana harsunan Nijeriya. Ana bukatar a tattara kalmomi da karin magana da sakaya zance da kowane harshe yake amfani da su a kan wannan ciwo, a kwatanta su, a ga inda suka ɗora laifi da inda suka yi sassauci. Ana kuma bukatar masana su zauna da ma'aikatan lafiya da waɗanda suka warke, domin su ne suka fi kowa sanin kalmar da ke ƙona su, a samo lafazin da zai bambanta mai ciwo da wanda ciwo ya bar wa tabo. Saƙon da ya kamata ya isa kowane ƙauye gajere ne: tabon da ba ya jin taɓi a kai shi asibiti tun yatsu suna goma, magani kyauta ne, kuma mai dungun da ya gama shan maganinsa ba ya shafa wa kowa komai.